Wai naman cikin mace ba ya hawan bango?

Maman Nana: Salamu alaikum ƴan zaure. Raina a ɓace yake. Ɗiyata ta ga masu wasan hawan bango a tele, ta ce tana so. Sai malaminsu na motsa jiki ya ce mata naman cikin mace ƙarami ne, ta koma daka. To Janja Garnbret ta Slobeniya, da ta ci zinaren hawan bango a gasar Olamfik ta Tokyo ta sake ci a Paris 2024, ba mace ba ce?

Ɗan Tibiri: Yaya, malam bai yi ƙarya ba. In aka auna da eko, na'urar hoton ciki ta asibiti, naman cikin namiji ya fi kauri. Halitta ce.

Inna ta Zariya: Ɗana, kauri daban, aiki daban. Mai hawa nauyin jikinsa yake ɗagawa, mace kuwa galibi ta fi rashin nauyi. Naman kuma iri huɗu ne, na can ciki shi ke ɗaure ƙugu kamar ɗamara. Lynn Hill, mace, ita ta fara hawa hanyar da ake kira Nose ta dutsen El Capitan a Amurka da hannu da ƙafa zalla a 1993, kafin kowane namiji.

Baban Yara: Ni "daka" ɗin nan ya tsaya mini. Hajiya, yaushe daka ya zama zagi? Da taɓarya aka raine mu.

Maman Nana: Alhaji, ban zagi daka ba.

Baban Yara: Kin sa shi cikin ɓacin rai, ai zagi ne.

Ƴar Sabon Gari: Baba, masu kare daka, wa ya taɓa ɗaga taɓarya cikinku? Ku surfa damin gero guda, gobe ku faɗa mana inda ke ciwo.

Ɗan Tibiri: Ku matan birni injin niƙa kuka sani. A zo Gobir a ga mata.

Ƴar Sabon Gari: Ga shi nan, Bagobiri ba ya magana sai ya jawo Tibiri.

Na Fili: Ku bar wannan. Ciki na ɗan kokowa ne, shi ya sa ake ba shi takobi.

Inna ta Zariya: Ana maganar yarinya fa!

Mai Zaure: Na rufe. Abin da aka tsayar: naman namiji ya fi kauri, kowa ya yarda, kuma daka ba abin kunya ba ne. Hajiya ta ba malam haƙuri.

Maman Nana: Ni ce zan ba da haƙuri? Alhaji, wa ya yarda?