Dokina yana turjewa a bakin shinge, ko dai ba ya gani da kyau ne?

Mai_Akawal:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ina da doki ɗan shekara 6, wata uku kenan da na fara koya masa tsallake, tsayin bai wuce santimita 60 ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne akwai shinge mai farar sanda yana haye shi lafiya lau, amma ɗayan mai jar sanda da ke gindin bishiya in mun nufo shi sai ya taho da ƙarfinsa kamar zai yi, muna zuwa daf sai ya ci birki ya sunkuyar da kai yana huci, rannan saura kaɗan in wuntsila ta saman wuyansa. In ma ya daure ya tsallaka sai ya bugi sandar da ƙafafun gaba. Wani ya ce taurin kai ne in sa masa bulala, ni kuma raina bai kwanta da hakan ba.

Baba_Sirdi:
Wa alaikumus salam. Ɗana ajiye bulalar nan tukuna. Idon doki a gefen kai suke, yana hango kusan duk kewayensa amma wurin da idanun biyu ke haɗuwa su auna masa nisa ɗan kaɗan ne a gabansa, kamar digiri 60, kuma daf da goshinsa da ƙarƙashin hancinsa ba ya gani sam. Wato a takun ƙarshe shingen ya riga ya ɓace masa, da abin da ya auna tun daga nesa yake tashi. To ka duba hannunka. In kana ɗame linzami har haɓarsa ta nufi ƙirji, ƙasa kawai yake kallo, sai ya zo daf sannan abu ya bayyana masa kwatsam, kai ma da za ka tsaya. Sassauta masa tun saura taku biyar ko shida ya ɗaga kai ya duba, kuma ka shigo masa a miƙe ta tsakiya, kar ka karyo kwana a kurkusa.

Uwar_Kili:
Gaskiya Baba ya faɗa, amma ni kalar sandar nan na fi zargi. Doki shuɗi da ruwan ɗorawa yake bambancewa sosai, ja da ruwan lemo da kore duk kusan abu ɗaya ne a idonsa, to jar sanda a kan ciyawa ga kuma inuwa ai ta saje kenan. A Ingila ma shekara da shekaru ruwan lemo suke shafa wa katakon gindin shingen tsere, sai da jami'ar Exeter ta yi bincike a kai, daga 2022 hukumar tseren dawakinsu ta fara mayar da su farare. Ka samu fenti ka yi wa jar sandar ratsin fari da shuɗi manya manya. Sannan ka kwantar da wata sanda a ƙasa a gaban shingen ta ɓangaren da kuke tahowa, don daga gindi doki yake auna inda zai tashi, amma ka kula kar ta koma ta bayan shingen, in ta koma can ruɗa shi za ta yi ya matso da yawa ya buga. Kuma don Allah ka fitar da shingen daga gindin bishiyar nan, idon dawaki yana jinkirin sabawa in sun fito daga rana sun shiga duhu, ya fi namu daɗewa nesa ba kusa ba.

Dan_Likkafa:
Duk na yarda, sai dai kafin fenti a fara duba idon kansa. Goɗiyata haka ta riƙa yi na yi ta canza sanduna a banza, ashe idon hagu ne ke kumburi daga ciki, sai da na lura tana kanne shi in rana ta yi ƙarfi ga hawaye yana bin kumatu sannan na kira likitan dabbobi. In ka ga hawaye ko fari fari kamar yana, ko yana zabura ta gefe ɗaya kawai, kar ka jira.

Mai_Akawal:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Idon dai garau na gan shi amma likita zai zo ranar Laraba. Yau da safe na jawo shingen fili na ɗaura farin ƙyalle a sandar tunda ba fenti a hannu, na sa ta ƙasan, kuma Baba wallahi ka gano ni, ashe in mun kusa ni ne nake tsorata in ƙanƙame linzami. Da na sake masa sai na ga ya ɗaga kai ya miƙe kunnuwa gaba, sau uku ya haye bai taɓa ba, na huɗu ya ɗan goga da kofaton baya.

Baba_Sirdi:
Madalla. Ukun nan ma sun isa ai, na huɗun gajiya ce. Gobe ka sauke shingen ƙasa ka gicciya sanduna biyu, ka shigo da sassarfa, ka jera masa sanduna uku a ƙasa kafin shingen, tazarar kamar mita 1.3 tsakaninsu. Kar ka ƙara tsayi sai ya yi sati yana zuwa da kansa ba ka matsa masa ba.