Ƙanwata ta dage sai digirin wasan kwaikwayo da tsara dandali: waɗanda suka yi, me kuka tarar?

Babban Yaya, Unguwar Rogo

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma daga bakin waɗanda suka zauna a ajin, ba masu ƙishin-ƙishin ba. Ƙanwata ce za ta cike JAMB bana, kuma tun rasuwar mahaifinmu ɗawainiyar karatunta a wuyana take. Ni lauya na so ta zama. Ita kuwa ta ce sashen wasan kwaikwayo da fim na Jami'ar Jos take so, wai ba don ta fito a fim ba, tsara dandali da sutura ne ke burge ta. Da Hajiyarmu ta ji, cewa ta yi, "Yanzu rawa za a je koyo har shekara huɗu?" Na rasa amsar da zan ba ta. Me ake koyarwa a ciki? Yarinya mai hijabi za ta iya? In an gama kuma, da me ake cin abinci?

Mai Fitila

Wa alaikumus salam, Yaya. A nan Jos na yi nawa, kuma yau da hasken dandali nake riƙe da iyalina. Ka gaya wa Hajiya rawa tana ciki, ba za mu ɓoye mata ba, amma ɗan yanki ce. A shekarun farko kowa sai ya taɓa komai: tarihin wasan kwaikwayo tun daga Girkawan birnin Atina har zuwa namu tashe da wasan gauta da kalankuwa, nazarin rubutattun wasanni, sarrafa murya da numfashi, kiɗa, zane, har da yadda ake tsara kasafin shiri. Daga baya ne mutum ke karkata inda ya fi ƙarfi. Ba a yarda ka ce kai ɗan wasa ne ba ka riƙe guduma, ko kai mai fenti ne ba ka hawa dandali.

Hikimar hakan ta bayyana gare ni ranar da aka tsayar da ni a tsakiyar dandali aka dalle min fitila a ido. Sai da na ji yadda ɗan wasa ke makancewa sannan na gane dalilin da ya sa ake rataye fitila a sama, haskenta ya sauko a karkace wajen digiri 45, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ɗaya mai launin ɗumi ɗaya mai launin sanyi. Ka haska mutum ta tsakar ka, idanunsa su faɗa rami. Ka haska shi ta gaba kawai, fuskar ta baje, ba hanci ba kumatu.

Ga lissafi kuma, wanda yawancinmu muka shigo muna zaton mun rabu da shi. Fitila mai wat 1000 a wutarmu ta bolt 230 tana jan amfiya fiye da 4, soket ɗin gida kuwa amfiya 13 yake ɗauka. Ka jona uku ka kai maƙura, ka ƙara ta huɗu fiyus ya tafi, ko waya ta fara ƙauri alhali zaure cike yake da jama'a. Fitilun LED sun rage wannan fargabar yanzu, amma sai ka san lissafin kafin a bar ka da janareta.

Abin da littattafan Turawa ba su cika tsayawa a kai ba shi ne fatarmu. Shuɗi ko kore zalla in ya sauka a kan baƙar fata sai ta koma toka-toka, ruwan zuma da shunayya mai haske su ne ke fito da ita. Da gwaji muka koyi wannan, muna tsayar da 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya muna sauya takardar launi.

Anti Mai Sutura, Dogon Dutse

Babban Yaya, da hijabina na shiga, da shi na fita, kuma ɓangaren da ƙanwarka ke so shi na yi. Bari in ba ka hoton aikin.

Za a miƙa miki wasa a rubuce. Kafin ki ɗauki fensir sai kin karanta shi har kin san wace shekara ce, wane gari, mai gidan nan talaka ne ko mai hali, ƙofa nawa labarin ke buƙata, wa zai shigo ta ina. Sannan ki zana, sannan ki gina ɗan ƙaramin dandali na kwali a kan ma'aunin 1 bisa 25, wato mutum mai tsawon mita 1.75 ya dawo santimita 7. Ki tsugunna ki leƙa shi daga gefen dama da gefen hagu, domin wanda ya zauna a kujerar ƙarshe shi ma ya biya kuɗin shiga, bai kamata ginshiƙi ya tare masa fuskar ɗan wasa ba. Sai darakta ya amince sannan a nufi kasuwar Katako a sayo falanki da ƙusa, a biya wajen 'yan gwanjo a tsinto riguna.

Karatu a Jos yana da wata riba a nan. Gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, a harabarsa akwai wurin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya da girmansu, ciki har da ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Da aka ba ni zanen soron wani mai sarauta, can na je na wuni ina kallon yadda bakan gizo ke tashi daga bango ya haɗe a tsakiyar rufi. Na shafa makubar da hannuna, na ga ba santsi gare ta ba. Da na dawo sai na kwaɓa garin katako da gam da jar ƙasa na shafe allunan, fitila na sauka a kai sai ka rantse ginin ƙasa ne.

Sutura kuwa bincike ce kafin ta zama ɗinki. Ba kowa ake naɗa wa rawani mai kunne biyu ba, ba kowa ke yafa alkyabba ba, kuma in wasan na zamanin kakanninmu ne, shaddar yau mai ƙyalli za ta tona asiri, saƙi ake nema. Farar riga sabuwa fil tana kashe ido a ƙarƙashin fitila, sai an tsoma ta a ruwan shayi ta ɗan dushe. Kuma da yake ajinmu ya haɗa Birom da Angas da Jarawa da Tarok da Tibi da Ibo, in za ki yi wa wata ƙabila shiga, ga 'yarta nan a gefenki za ta ce miki ba haka ake ɗaura wannan ba. Ni a ganina wannan zaman kaɗai ya isa a kira shi ilimi, musamman a gari irin namu da ya sha wahalar rashin sanin juna.

'Yar Aji Uku

Anti ta faɗi daɗin, bari in faɗi nauyin don kada ƙanwarmu ta shigo da ido rufe. Lakca da rana, atisaye da yamma, kuma in wasa ya matso ana kaiwa dare. Lokacin hunturu a Jos, kana tsaye a fili kana maimaita layi ɗaya haƙora na kaɗawa. Tun farko ta nemi ɗaki a hostel ko kusa da makaranta, ta kuma samu 'yan uwa mata da za su riƙa dawowa tare. Aikin rukuni ne kusan duka, makinki a hannun mutum goma sha, wani ba ya zuwa, wani bai kawo nasa karo-karon ba. Kuɗin fenti da yadi da katako sau da yawa daga aljihun ɗalibai yake fita, Yaya ka sa wannan a lissafinka.

Maganar addini kuma: sallah ban taɓa barin ta wuce ni don atisaye ba, ina faɗa ne in tafi in dawo. In matsayin da aka ba ni a wasa yana da riƙe hannu da namiji ko shigar da ba zan iya ba, tun ranar rabon matsayi nake magana cikin ladabi, ba ranar wasa ba. Akwai kuma bikin karɓar sababbin ɗalibai da ake yi a sassan wasan kwaikwayo na jami'o'i da dama, inda ake ɗaura zane a shafa farar ƙasa a zaga makaranta. Hotunansa ne ke tayar wa iyaye hankali. Ta tambayi yadda ake yin sa tun da wuri, ta faɗi iyakarta.

Babban Yaya, Unguwar Rogo

Allah ya saka da alheri. Maganar dawowar dare ita ta fi tsaya min a rai. Amma har yanzu ban ji ta aiki ba.

Malamin Sakandare, Bukuru

Ni ma shi na karanta, yanzu ina koyar da darasin al'adu da fasaha a ƙaramar sakandare, kuma ba ni kaɗai ba ne a cikin 'yan ajinmu da muka ƙare a aji. Gaskiya ɗaya ce, Yaya: babu wata ma'aikata da ke jiran masu wannan digiri da takardar ɗaukar aiki. Kuma duk wanda burinsa fitowa a fim ne kawai, ba sai ya yi shi ba. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a 2024, ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Wanda kyamara da tace hoto ke ransa, ga Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a nan Jos ƙarƙashin waccan hukumar, ga kuma kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield. Amma tunda ƙanwarka zane da sutura ta ambata, ban ga laifin zaɓinta ba. Ta tabbatar dai tana da kiredit a Turanci da Adabin Turanci, ta kuma sa adabin cikin darussan JAMB ɗinta.

Hajiya Ta Garki

Malam, ka manta da hanya guda, wadda ni ta kawo ni Abuja. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na yi nawa, inda tun shekarun 1970 aka fara fita da wasan kwaikwayo daga jami'a zuwa Samaru da ƙauyuka. Dandalinmu ma ginin ƙasa ne, wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, ya tsara shi a kan fasalin gidan Bahaushe. Abin da aka koya mana shi ne kada ka je ƙauye da wasanka a aljihu. Ka je ka zauna, ka ci abincinsu, ka saurara, sannan ku gina wasan tare da su a kan abin da ke damunsu.

A wani ƙauye matsalar ita ce mata ba sa zuwa awon ciki. Mu mun ɗauka rashin sani ne. Da muka zauna da su a tsakar gida sai ga shi kuɗin babur ne da izinin mai gida. Muka yi wasan a dandalin ƙofar mai gari, muka tsayar da shi daidai inda naƙuda ta zo da gardama, muka ce wa zai shigo ya nuna abin da ya kamata mijin nan ya yi. Wani dattijo ya miƙe ya karɓi matsayin. Muhawarar da ta biyo baya har aka kira magariba ba ta ƙare ba.

Yau irin wannan aikin nake yi wa ƙungiyoyin lafiya, da rubuta wasannin rediyo da Hausa. Masu digirin nan suna da yawa, amma wanda ya haɗa shi da Hausa mai kyau, kuma mace da za ta iya shiga cikin gida wajen matan kulle, neman ta ake yi.

Baban 'Yan Mata, Ali Kazaure

Ɗana, ni uba ne, tawa ta gama har ta yi hidimar ƙasa. Da farko ban so ba. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne na je da kaina na kalli wasansu na ƙarshen zango. Ban gan ta a dandali ba sam, ashe tana baya da takarda a hannu, ita ke ba da umarnin shigar kowa da kunna kowace fitila. Ka ɗauki Hajiya ku je ku gani, gani ya kori ji. Ko bikin wasan kwaikwayo na Jos da ƙungiyar Jos Repertory Theatre ke shiryawa, in ya zo, ku leƙa.

Na Gwagwalada

Bari in ƙarasa wa Yaya maganar abinci, tunda ni a tsara dandalin taruka nake a Abuja. Taron ma'aikatu, ƙaddamar da littafi, dinar biki, ɗakin shirin talabijin, duk dandali ne, duk suna son wanda ya iya awo da launi da haske. Kafinta zai buga maka abin da ka zana, amma ba shi zai gaya maka cewa bangon ya yi tsawon da kyamara ba za ta ɗauke shi ba. Sai dai aikin na kaka ne: ƙarshen shekara da bayan sallah ba ka samun barci, azumi da tsakiyar damina kasuwa ta yi sanyi, dole mutum ya iya ajiya.

Shawarata ga ƙanwarmu: tun daga aji ɗaya ta riƙa ɗaukar hoton duk abin da hannunta ya yi, zane da ɗan dandalin kwali da riga, kafin a sa da bayan an sa. Mu nan ba a taɓa tambayata sakamakon jarrabawa ba, cewa ake yi nuna mana aikinka. Lokacin hutu ta zauna wajen tela ta iya keke sosai, ta kuma koyi zane a kwamfuta, ko da SketchUp ne ta fara da shi. In ta kai aji uku tana neman wurin koyon aiki, Yaya ka yi min magana, muna ɗaukar ɗalibai, kuma akwai mata biyu a cikin ma'aikatanmu da za ta zauna a hannunsu.