Shawarwarin waɗanda suka je hutu Turai da abokai

Da muka zauna da waɗanda suka taɓa zuwa, da maganar biza aka fara. Bizar Shengen guda tana shigar da mutum ƙasashen Turai 29, kwana 90 cikin kowane 180, amma a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa ake nema. Ingila ba ta ciki, wannan ya sha rikita mutane.

Harshe ne ya fi cin lokaci. Kowa ya yarda cewa a Faris kada ka buɗe baki da Turanci. Ce "bonjour", gaisuwar Faransanci, tukuna, sai ka ga fuskar mai shago ta sake. In da ɗan Nijar a tafiyar, an huta. A Sifaniya kuwa, wani ya ce kalmomi biyu ya fara haddacewa, "cerdo" da "jamón", duk naman alade, domin can har cikin miya da wake ake sa shi. Ni wannan na fi ba nauyi. A sauke harshen a Google Translate tun daga gida, yana fassara ko babu intanet.

Garin da ya fi samun yabo shi ne Garanada da ke Sifaniya, saboda fadar Alhambra da sarakunan Musulmi suka riƙe har 1492. Tikitinta yakan ƙare, a saya makonni kafin tafiya.

Kuɗin masauki da na jirgin ƙasa a haɗa su kafin a tashi. Abinci kowa ya biya nasa, don nan rigimar abokai ke farawa.