Ɗage Ganawar Neman Zama Ɗan Ƙasa a Amurka

A kan tambayar ko ana iya ɗage ranar ganawar neman zama ɗan ƙasa a Amurka, mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa hukumar USCIS, mai kula da harkokin shige da fice da zama ɗan ƙasa a Amurka, tana ɗage ganawar masu fom N-400, wato fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, idan akwai uzuri mai ƙarfi, kamar rashin lafiya ko rasuwa, amma sun ja kunne cewa sabuwar rana takan ɗauki makonni ko watanni, gwargwadon cunkoson ofishin yankin. Sun ba da shawarar a rubuta wa ofishin tun kafin ranar, haɗe da kwafin takardar gayyata da shaidar uzurin. Wanda bai je ba, bai kuma yi bayani cikin kwana 30 ba, ana iya rufe fayil ɗinsa. Wasu sun tunatar, kuma da gaskiyarsu, cewa wa'adin kwana 120 da hukumar take da shi na yanke hukunci kan buƙatar ba ya farawa sai an yi ganawar.