A sayar da gonar Baba ko a bari? Ina neman shawara

Babban_Yaya: Slm 'yan uwa. Ƙodar mahaifinmu ta daina aiki, yanzu wankin ƙoda ake masa sau biyu a sati, likita ma sau uku ya ce, ƙarfinmu ne bai kai ba. Albashina duk can yake tafiya, abin da ya rage gonar fadama ce guda ɗaya, ita gidan ke ci kuma da ita ake biya wa ƙannena biyar kuɗin makaranta. Kawu ya dage a sayar. To ni a jami'a an koya mana ra'ayin Jeremy Bentham, Baturen Ingila da ya mutu a 1832, wai aikin da ya fi daidai shi ne wanda ya fi amfanar mafi yawan mutane, kuma kowa ɗaya ake ƙirga shi babu wanda ya fi wani. In na bi wannan lissafin ai amsa a fili take, dattijo ɗaya da ya haura 70 a gefe, yara biyar da Mama a gefe, ga shi wankin ba warkewa ba ne, kuɗin gonar zai ƙare mu dawo gidan jiya babu gona. Amma da na kawo nan sai in ji kamar saɓo nake yi. Don Allah ya kuke gani?

Malam_Lakcara: Allah ya ba Baba lafiya. Ɗan'uwa kai yawan mutane kawai ka ƙirga, shi kansa Bentham bai tsaya nan ba, ya ce a duba tsananin abin, da tsawon lokacinsa, da tabbacin faruwarsa. Wanda ƙodarsa ta tsaya gaba ɗaya in aka daina masa wanki yawanci kwanaki ne ko 'yan makonni, wannan kusan tabbas ne. Yara su bar makaranta kuwa "wataƙila" ce, ana iya mayar da su ta gwamnati, ana iya dakatawa shekara guda a koma. Sannan ka sa a sikelin yadda yaran za su ji ranar da suka gane da me aka biya karatunsu? Da Mama da za ta zauna tana kallo?

Almajirin_Zaure: Mu ba sai mun je Ingila ba, malaman fiƙihu sun daɗe da maganar ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu. Sai dai su sun jera abin daki-daki, kare rai yana gaban kare dukiya. Kuma uba ba "ɗaya" ba ne kamar kowa, yana da haƙƙin da maƙwabci ba shi da shi.

Hajiya_Inna: Ɗana, duk kun yi ta lissafi amma ban ji wanda ya ce gonar ta waye ba. Ta Babanku ce, yana raye, hankalinsa ƙalau, ba ta zama gado ba tukuna balle kai da kawunka ku yanke hukunci a kanta. Na yi jinyar maigidana da wannan ciwon, na san zaman awa huɗu a jikin injin nan, ya fito jiri na ɗibarsa ko ruwa sai an auna masa a kofi, su suka san abin da suke ji wlh. Ka zauna da shi ku biyu bayan isha'i ka faɗa masa gaskiyar kuɗin. Kuma ba dole sai sayarwa ba, fadama ce, ku ba masu noman rani haya. Ka kuma bincika tallafin da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 na rage kuɗin wanki a wasu asibitocinta, ko akwai na kusa da ku.

Babban_Yaya: Na gode Inna, batun haya zan tuntuɓi kawu gobe in sha Allah. Amma tambayar Baba ita nake tsoro, na san halinsa, ko rufe baki ban yi ba zai ce a bar wa yara gonarsu shi ya ci zamaninsa. Malam Almajiri ka ce rai ne a gaba, to in shi mai ran ya ce a daina, maganarsa za mu bi ko mu saɓa masa?