Shawarwari ga Mai Zuwa Bikin Tarihi na Gettysburg

Waɗanda suka saba halartar bikin ƙarshen mako da ake kwaikwayon yaƙin basasar Amurka a kusa da garin Gettysburg na jihar Pennsylvania sun tattauna, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan batun zafi. An gwabza artabun asali daga 1 zuwa 3 ga Yulin 1863, shi ya sa akan shirya bikin a tsakiyar bazara, don haka mai zuwa ya riƙo ruwa da hula, ya kuma tanadar wa yara abin toshe kunne, domin ko da yake albarushi ake harbawa babu harsashi, ƙarar igwa takan firgita su. Sun kuma tunatar cewa hukuma ba ta yarda a kwaikwayi faɗa a ainihin filin dagar ba, a gonakin kewaye ake yi.

Shawarar da ta fi nauyi a ganina ita ce kada mutum ya tsaya ga kallon hayaƙi. Ya shiga sansanin masu kwaikwayon, ya ga kakin ulu mai kauri da busasshen biskit ɗin da sojoji kan jiƙa a gahawa kafin ya taunu, amma kada ya taɓa bindiga sai da izini. Ya kuma yi tambaya a kan bauta, domin ita ce tushen yaƙin, lokacin da bayi kusan miliyan 4 ke ƙasar. Idan masu wakiltar baƙaƙen sojoji suna wurin, a zauna da su: baƙaƙen fata kusan 180,000 ne suka yi wa rundunar Arewa, wato ta gwamnatin tarayya, yaƙi.