Shagon kayan sauti ya ruhe, kuɗɗin masallaci na ciki

Ladan Mabera: Salamu alaikum jama'a. Don Allah shawara ni ka so. Kwamitin masallacinmu mun biya dubu 480 wajen wani mai kayan sauti don ampilifaya da lasifika huɗu da makirho, yac ce kaya na tahe daga kasuwar Alaba ta Legas cikin sati biyu. Yau wata ukku, jiya naj je nit tarar an garƙame shagon, maƙwabta sun ce ya karye. Mi za mu yi? Ga azumi na matsowa.

Ɗan Arkilla: Innalillahi. Taransifa kunka yi ko kati?

Ladan Mabera: Taransifa, ga asusun shagon. Rasit na nan hannun ma'aji.

Ɗan Arkilla: To da wuya banki su maido. Da da kati ne ta intanet akwai hanyar ƙalubalantar biyan in kaya ba su zo ba, Visa da Mastercard galibi kwana 120 su ka badawa. Taransifa kam kai ka tura da hannunka.

Mai Gyaran Rediyo: Malam Ladan bari in ba ka labarina don kar ku yi irin wautata. Bara waccan nib ba wani kuɗɗin miksa da sifiku biyu na biki, shi ma hakanan, yau jirgi bai iso ba gobe kwastan sun riƙe kwantena jibi dala ta tashi, ni ko ina ta kunya don abokin yayana ne. Ashe duk wanda yad daga murya ana ba shi wani abu daga abin da yar rage cikin shago, wani ya ɗauki janareta wani ya kwashi wayoyi, ni da nike ta Allah shi ba da haƙuri ranar da naj je ko kujerar zama babu. Daga baya nik kai ƙara ofishin 'yan sanda, sunka kira shi sunka rubuta yarjejeniya zai biya dubu ashirin duk wata, sau biyu yab biya shi ke nan. Abin da nika gaya maka, ku taho gobe da sahe ku ukku da limaminku, ku nemi gidanai ba shago ba, in akwai kaya ko ba irin wanda kunka zaɓa ba ku amsa a yi lissahi a rubuce da shaidu. Ampilifaya ta hannu ta hi alkawali.

Hajiya Ƙarama: Kai dai har yau miksar nan na ci maka rai 😂

Mai Gyaran Rediyo: Hajiya dubu 150 ta sauran, ba wasa ba.

Barista: Gyara kaɗan. 'Yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne, dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, sai in akwai alamar damfara, misali ya amshi kuɗɗi alhali ya san ya riga ya karye. Ku duba rasit ɗin: in sunan ya ƙare da Limited kamfani ne, in anka naɗa mai rarraba kadarori masu jingina da albashin ma'aikata da haraji na gabanku, ku kuna can ƙarshen layi, kuma kwasar kaya da kanku a lokacin na iya jawo maku matsala. In ko sunan kasuwanci ne kawai yay yi wa rijista a CAC, hukumar rijistar kamfanoni, bashin na wuyanai shi kanai, har dukiyar gidanai. Ana iya dubawa a shafin CAC kyauta. Kuna iya rubuta wa FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ma, amma ni kotu zan ce.

Ɗan Arkilla: Wace kotun Barista, ta shari'a?

Barista: In duk musulmi ne sun yarda, ta hi sauri da sauƙin kashe kuɗi.

Malam na Runjin Sambo: A fiƙihu wanda yat tarar da kayanai da kansu wurin wanda ya karye shi yaf fi cancanta da su. To amma ku kuɗɗi kunka bada, sun shige cikin wasu, sai rabo da sauran masu bin bashi gwargwadon abin kowa.

Bakano a Sakkwato: Tun farko da Sabon Gari kuka je da hannu ku biya da hannu ku ɗauko.

Hajiya Ƙarama: An fara. Ko ciwon kai mutum ya yi sai ka ce da Kano ya je.

Bakano a Sakkwato: Gaskiya ce Hajiya, ampilifayar kamfanin Ahuja ta asali ma can za ka samu.

Mai Gyaran Rediyo: Ta asali? Rabin waɗanda ni ka buɗewa suna ne kawai a jiki, taransifoma ta ciki ko nauyi babu. Ka ɗaga ka ji nauyi kahin ka biya.

Ɗan Arkilla: Wai nawa Ahuja mai wat 250 yanzu?

Ladan Mabera: Barista, na duba, babu Limited a rasit. Ma'aji ya ce ya san gidan surukin mai shagon a Gawon Nama. Kahin nan wa ke da ampilifayar aro, ko tsohuwa ce?

Mai Gyaran Rediyo: Akwai wata nan tana ɗan ƙugi. Turo yaro bayan la'asar.